Jirgin Hoto a Buhun Shinkafar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar auren Rahila ba, ko da mutanen ƙauyenmu na kusa da Kona za su yi mani alheri su manta (ba za su yi ba, na san halinsu). Har yau, in ƙudan zuma ya gifta ta saman kaina, sai gabana ya faɗi, hannuna ya kai ga zane kafin in san abin da nake yi.

Rahila ɗiyar baffana ce, gida ɗaya muka tashi, ni ce kuma babbar ƙawar amarya. Angon ya gayyato wani abokinsa daga Tasawa, Iliya, don ya ɗauki bidiyon bikin. Tun da ya sauko daga moto ban yarda da shi ba. Baƙin gilashi a ido, ba ka sanin wa yake kallo. Ya gaida kowa sau ɗaya, ni ya gaida ni sau biyu, har da tambayar ko a lise ɗin Tasawa, makarantar sakandarenmu, ya taɓa ganina. Sannan ya buɗe jaka ya fito da dron, ɗan jirgin nan mai hannu huɗu da ido ɗaya, ya ce da shi zai ɗauki majami'a da jerin ƴan rakiya daga sama.

Ni kuwa akwai abin da na gani a lise. Wata ƴar ajinmu, hotonta ya fita a waya ba da saninta ba, aka yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu, har ta daina zuwa lakkwal. Tun daga nan duk namijin da ya ɗaga kamera, ɓarawo ne a wurina sai ya wanke kansa.

Da safe gida ya cika. Na samu da ƙyar na ja bokiti da baho na shige makewayi, wanda kamar na kowa a ƙauye, dannin kara ne kawai, sama a buɗe. Kakanninmu da suka tsara shi haka ba su da laifi, Allah kaɗai ke kallo ta sama a zamaninsu, sai ko shirwa. Na rataye zane a kan danni, na cika fuska da kumfa, sai na ji wani zuuu yana matsowa. Na buɗe ido ɗaya. Ga shi nan daidai kaina, yana saukowa a hankali, wata ƴar wuta ja tana ƙyaftawa a jikinsa.

Ban yi ihu ba, wannan kam na yaba wa kaina. Na ɗauki bokitin ruwa gaba ɗaya na watsa masa. Ya yi tangaɗi, ya bugi danni, ya faɗo cikin baho. Maimakon in tsaya nan, sai na sa ƙafa na danne shi cikin ruwan sabulu, kamar mai kashe kunama, ina cewa a raina, ga hoton, sha. Sai da wutar ta mutu na ɗaga ƙafa.

A nan tsoro ya sauya fuska. Na ɗaura zane, na tsamo jirgin yana ɗiga. Idan hoton bai mutu ba fa? Na juya shi gaba da baya ina neman allon da zan shiga in goge (eh, ni mai takardar jarrabawar brevet, ina neman allo a cikin dron). Na sami maɓalli guda, na danna, na sake dannawa, na yi ta dannawa. Ya yi wani ɗan ƙara kamar ɓera, wani wari ya taso, shi ke nan.

Sai na tuna dabarar ƴan lise: wayar da ta faɗa ruwa, a binne ta cikin shinkafa. Lissafina mai kyau ne a lokacin. Zai bushe, in kunna, in goge, in jefar da shi bayan gari a ce iska ta kai shi. Na naɗe shi cikin zane na kai ɗakin ajiya. Shinkafar da ke gidanmu ranar kuwa ta biki ce kaɗai. Na kwance bakin buhun da ke can ƙurya, na tura shi har gwiwar hannuna ta nutse, na ɗaure, na fito na yi kwalliya.

A majami'a ban ji wa'azi ba. Idona yana kan Iliya. Yana ɗaukar bidiyo da ƙaramar kamera, amma kowane lokaci sai ya duba wayarsa, ya ɗaga kai ya bi mutane da baƙin gilashin nan. Na ce ya sani. Da ya yi magana a kunnen ango, na ce yanzu ya faɗa masa. Da wasu samari suka yi dariya a baya suna kallon waya ɗaya, na ce an gama, ya riga ya tura. Rahila ta taɓa ni ta ce, "Ke lahiya? Kamar ke za a kai gidan miji." Na ce zafi ne.

Muna dawowa gida muka tarar da mata sun yi cirko-cirko a bakin ɗakin ajiya. Shinkafar farko ba ta isa ba, Gwaggo Saratu, ƙanwar babanmu da ke jagorantar girki, ta buɗe buhu na ƙurya, ta zura kwano, kwano ya ci karo da hannun jirgin. Ta jawo abin ta ajiye a kan faifai a tsakar gida, shinkafa manne da shi ko'ina, ba wadda ta yarda ta matsa kusa.

"Wanga ba banza ba," in ji Gwaggo. "A abincin amarya, ranar aurenta? Wani ya binne shi da nufi."

Wata ta ce ai jirgin Iliya mai hoto ne, wanda yake nema tun safe. Gwaggo ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi muni, don an zaɓi abin da ya ga fuskar amarya aka jiƙa shi da ruwan magani. Ta ɗebi shinkafar ta shinshina.

"Ku ji. Har ƙamshi gare ta."

Sabuluna ne. Mai ƙamshin lemo, wanda na sayo a Tasawa na hana kowa taɓawa. Ina tsaye cikin taron ina tashin wannan ƙamshi daga wuya har ƙafa. Na ja da baya a hankali na koma kusa da murhu, inda hayaƙi ya fi yawa.

Aka shiga lissafin wa ya shiga ɗakin. Sai wata ta tuna Inna Dije ta shiga da safe. Inna Dije daga rugar da ke gabas da mu take, ita ke kawo mana nono tun ina goye, ranar ma ƙwarya guda ta kawo gudummawa, aka ce ta ajiye a ɗakin don sanyi. Tana zaune a inuwa tana jiran a sallame ta da abinci, sai ta ga idanu sun juyo kanta.

"Saratu, ni kike kallo?" in ji ta.

"Ban ce ke ba, Dije. Na dai ce kin shiga."

"Na shiga da ƙwarya a kai, na hito hannu wohi. Shekara nawa kuna shan nonona, yau ni ce mai binne-binne?"

Ta miƙe ta fara naɗe gammonta. Zan so in ce a nan ne na fito na faɗi gaskiya. Ban fito ba. Na tsaya cikin hayaƙi ina hawaye, ina godiya ga itacen da bai bushe ba.

Aka kira Fasto, aka kira Iliya. Iliya ya durƙusa, ya zare batir ɗin, wanda ya kumbura kamar burodi, ya ajiye shi nesa a kan yashi. Ya karkaɗe jirgin, shinkafa ta zubo daga injinan. Ya ce batir ne ya yi ƙasa tun safe, iska ta ja jirgin, ya sauka da kansa wani wuri bayan gidaje. Sannan ya sa farce ya zaro wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Kart memwar ce, Baba Fasto, katin da ke ajiye hoto. Ruwa bai cin ta. Duk wanda ya tsaya gaban kamerar ga, yana ciki."

Fasto ya ce madalla, gara ido ya gani da a yi ta zargin maƙwabta. Ya ce Inna Dije ta yi haƙuri ta zauna. Aka kawo odinatar Iliya, wato kwamfutarsa, aka ɗora a kan turmi. Dangin ango suka matso, dattawan majami'a suka matso, babana yana gaba da hularsa ta biki. Iliya ya zura katin.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na ji dai muryata, wadda ake yabo a ƙungiyar mawaƙa don tana kai wa bayan majami'a, tana cewa, "Kar ku kunna! Wanka nike, ba ko zane!"

Har ludayin da ke motsa miya ya tsaya. Babana ya cire hula ya duba cikinta. Wata tsohuwa daga dangin ango, kunnenta ya yi nauyi, ta tambayi ta kusa da ita me yarinyar ta ce, aka maimaita mata da ƙarfi. Tun da na fara kuwa sai bakina ya ƙi rufuwa: na faɗi bokitin, na faɗi ƙafar, na faɗi maɓallin, na faɗi shinkafar.

Inna Dije ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗiyata, da kin bari sun kore ni, da wa za ya kawo maki nono ranar naki auren?" Wannan ya fi mari zafi.

Matar Fasto ta ɗauki odinatar, ta kama hannuna, muka shiga ɗaki mu biyu ta rufe ƙofa. Ta ce in kunna da kaina. Muka ga rufin majami'a. Muka ga rijiya, da amalanken jaki, da shanun rugar su Inna Dije suna tafiya kiwo, ƙanana kamar tururuwa. Bidiyon ya ƙare a kan wata bishiyar gawo. Muka duba ko akwai wani. Babu. Ko dannin makewayin bai fito ba.

"Mama, ko ya ɓoye shi wani wuri?" na ce.

"Ɗiyata, abin nan bai gan ki ba," in ji ta. "Ke kika ba gari labari."

Daga baya Iliya ya ce tun kafin jirgin ya ɓace masa ya tsayar da ɗauka don ya rage cin batir. To in haka ne, ya san katin ba kowa a ciki lokacin da yake cewa duk wanda ya tsaya gaban kamera yana ciki. Na tambaye shi. Ya gyara gilashi ya ce shi dai bai ambaci suna ba. Ban yarda da shi ba ranar da ya zo, ban kuma ga dalilin sauya ra'ayi ba.

Jirgin kam ya sha jinya. Iliya ya ce watsa ruwan bai kai dannawar da na yi ta yi ɓarna ba, don abin da ya jiƙe ba a kunna shi, batir ake fara cirewa. Shinkafa kuma ba abin da ta ƙara sai gari cikin injina. Ya kwance shi, ya wanke sabulun da alkol irin na wanke ciwo da buroshin haƙori, ya shanya a inuwa kwanaki. Ya tashi daga baya da sabon batir, sai dai wuyan kamerar ya karkace, duk abin da ya ɗauka kamar gari zai zube gefe guda. Yadda babana da Iliya suka daidaita ban sani ba, ban kuma da fuskar tambaya. Rahila ba ta sami hoton rakiyarta daga sama ba, kuma duk zuwana gidanta sai ta ce in zauna nesa da buhu. Baƙi sun ci shinkafa mai ɗan ƙamshin lemo, wasu har suka ce sabon salo ne na Maradi.

Washegari na ɗauki kan sukari da goro na tafi ruga. Inna Dije ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi tsami, sannan ta miƙo mani nono ta ce in sha, in kuma bar ciyar da baƙi sabulu.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya faɗa ruwa, a cire batir, a bar maɓalli ya huta, a bar wa masu girki shinkafarsu. In kuma ana shirin tona maka asiri, ka dakata tukuna ka ga ko akwai asirin, kafin ka tashi ka yi shela da bakinka. Sauran kuwa ban koya ba. Na roƙi babana ya yi wa makewayi rufi, ya ce ba wanda ya taɓa yi a ƙauyen nan, ba zai fara ba don kar a tambaye shi dalili. Don haka in ka zo garinmu ka ga baƙar lema tana leƙowa ta saman danni, rana tsaka, ba ko gajimare, ka wuce abinka. Ni ce.