Yadda Ake Kiwon Tsutsa A Cikin Mutanen Da Aka Ba Ka Amana

Kai da aka damƙa wa gidan kula da masu taɓin hankali, matso kusa. Bi sawun Mushe Inusa (Mushe, wato Malam a bakin Faransa), shugaban wani irin gidan nan a Damagaram. Na lamunce maka tsutsa za ta yi ƙiba, kai ma haka.

1. Bar masai ya cika

Inusa bai taɓa kiran mai yasa ba. Majinyata sai su zaga bayan ɗaki, ruwan damina ya raba wa kowa rabonsa. Adalci ke nan.

2. Ɓoye sabulu

"Mahaukaci da sabulu? Ai ci zai yi!" in ji Inusa. Wanda masu agaji suka kawo, kai shi gidanka, can ba mai ci. Takalma ma karɓe su, kada a yi jifa.

3. Iya fassara ciwo

Larai, wata majinyaciya 'yar Durum, ta rame, ciki ya kumbura, tana ta cin ƙasa. Habiba mai jinya ta ce, "Mushe, tsutsar ciki ce. Maganin ba wuya, mu ba kowa da kowa."

"Madam, cin ƙasa ai cikin haukan yake."

Haddace wannan amsa. Wanda aka ce ba shi da hankali, ko ya ce cikinsa na murɗa, haukan ne ke magana.

4. In baƙi sun zo daga Yamai

Jera masu tumbi a gaba, ka ce, "Ku dubi ƙoshi!"

5. Tanadi kalmar ƙaddara

Ran da Larai ta amayo macijin ciki, Habiba ba ta jira izini ba, ta ruga da ita gidan likita. Tsutsa ta toshe hanji, sai da aka tsaga. Da ƙyar ta sha.

Wan Larai, Hassan, ya tsaya bakin biro, wato ofishin Inusa, ya ƙi zama. "Mushe, kanta na kawo a duba. Cikinta lafiya lau na kawo shi."

Inusa ya sassauta murya ya ce ƙaddara ce. Washegari ya kori Habiba, laifin fita ba izini.

Ba ruwana

Hassan dai ya bi ƙauyuka daga Hamdara har Mirriya yana gaya wa dangin sauran majinyata, kowa ya zo ya ɗauke nasa. Inusa na nan, shugaban gadaje. In naka gidan ya watse haka, kada ka neme ni. Dabara kawai na koya maka, rashin imanin da abinka ka zo.