Rasuwar Caja Mai Bolt Goma Sha Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki wanda ya ƙara yin shiru, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aikina na maɗaba'a rasuwar Caja, baƙa, mai kusurwa huɗu, mai igiya kamu uku, wadda ta cika ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi a ƙarƙashin teburina, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya. Ni kaɗai ne a kanta.

Marigayiya ta shigo gidan nan ne tare da laftof ɗin da autata ta bar mini ranar da mijinta ya ɗauke ta zuwa wata ƙasa mai nisa. Tun daga ranar ba ta taɓa kwana a waje ba. Ba ta da ƙyuya, ba ta da mita. Wutar da za a kawo da hauka, ita ce ke tarbarta a bango, ta lallashe ta, ta rage mata zafin kai, sannan ta miƙa wa laftof daidai abin da cikinta zai ɗauka. An taka ta, an ja ta da ƙafar kujera, ɓera ya ɗanɗana igiyarta sau biyu, ban taɓa ganin ta riƙe kowa a zuci ba.

Waɗanda suka san ta sun ce tana da wani siririn kuka, wai "tsiii", mai shiga ƙwaƙwalwa. Ni ban taɓa ji ba. Shekara talatin ina gyaran rubutu kusa da injinan buga littafi, sun cinye mini kunne ɗaya da rabin ɗayan. Abin da na sani nata shi ne ɗan koren idonta, da ɗumin jikinta idan na ɗora tafin ƙafata a kai, da wani "ƙas" da nake ji a yatsa in na jona ta. Na sha cewa Caja ta fi wasu dangi, don ita ko ba ta yi magana ba ka san tana nan.

Babban aikinta a duniya na ranar Lahadi ne, ƙarfe huɗu na yamma. A lokacin auta ke kirana, fuskarta ta cika allon, ni kuma in zuba wa leɓenta ido in karanta abin da take faɗa kamar yadda na saba karanta shafi. Shekara goma sha ɗaya muna haka, yarinyar nan ba ta san mahaifinta da ido yake sauraronta ba. Ban faɗa mata ba. Tana da aiki da miji da yara biyu, ban ga dalilin ƙara mata kurma a cikin kaya ba. Wannan sirri mu biyu muka riƙe shi, ni da marigayiya.

Ciwon ajalinta ya fara ne a wuya, inda igiya ta haɗu da kai. Da farko sai an karkata ta hagu take aiki. Daga baya sai an tokare ta da ƙamus. Na naɗe ta da baƙin salatif har ta yi rawani, ta ƙara wata bakwai a haka, don ƙarfin hali. Ranar Alhamis idon ya ƙifta sau uku, ɗan ƙauri ya tashi, na taɓa ta na ji sanyi.

Ta rasu ta bar laftof ɗaya, wadda ba ta taɓa cin abinci a hannun kowa ba sai nata, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da soket ɗin bango, da ni.

Ina miƙa godiya ga maƙwabcina na bene na ƙasa, wanda ya hau da cajar injin buga takardarsa, ya nuna mini bakinta ya yi daidai da ramin laftof. Allah ya sa na ce bari mai gyara ya gani tukuna. Na sa gawar da marainiyar da cajar maƙwabcin a jaka, na je shagon mai gyaran. Mutumin kirki ne, ya san ya juyo ya fuskance ni in zai yi magana. Ya duba bayan cajar maƙwabcin, ya duba ƙasan laftof, ya ce, "Baba, da ka jona wannan, da yanzu gawa biyu ka kawo mini. Taka bolt goma sha tara take ci, wannan ashirin da huɗu ce. Shigar baki ba shi ne dacewa ba."

Ya zazzage kwali guda na caja a gabana, muka bi su ɗai-ɗai da madubin ƙara girma. Ya koya mini cewa lambar da ke jikin harafin V dole ta zo daidai, ba ƙari ba ragi. Ta jikin harafin A kuwa in ta fi babu laifi, in ta gaza cajar za ta yi ta zafi ba ta ƙosar da kowa ba. Ga kuma wani ɗan zane mai nuna ta inda wutar ke shiga, shi ma in ya juya an gama. Mun sami mai goma sha tara, bakinta ya yi kauri. Mun sami mai siririn baki, ƙarfinta bai kai ba. Wata ta cika komai, zanenta a juye. A ƙarshe ya share hannu a riga ya ce, "Wallahi Baba, irin wannan an daina yi. Ka ba ni sati uku in cigita."

Ba ni da sati uku, ga dalili. Lahadin da ta wuce auta ta nemi laftof ta ji a kashe, sai ta kira ƙaramar wayata. Na kanga ta a rabin kunnen da ya rage. Ta yi magana mai tsawo, ina jin tashin murya da saukarta kamar ana hira a bayan bango, ina ta cewa "to", "haka ne". Da ta tsaya, na ce, "Madalla." Sai ta yi shiru. Shirun nan na ji shi sarai. Daga nan ta kashe.

Ban san me na yi wa madalla ba. Na rubuta mata saƙo ina tambaya, ta amsa da kalma uku: "Ba komai, Baba." Ni na haife ta, na san ba komai ɗinta. Kwana biyar ke nan ina juya abin a raina, ko ciwo ne, ko mijin, ko ɗaya daga cikin yaran, kuma tsoro nake ji.

Kashi tara cikin ɗari ya rage a cikin batirin laftof, abin da marigayiya ta ɗura mata na ƙarshe. Mai gyara ya ce da tsufanta ba zai wuce minti shida ba. Ban kunna ta ba tun ranar rasuwar. Ina ajiye su.

Za a yi jana'izar ranar Lahadi da ƙarfe uku na yamma, a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tabarau ɗin mahaifiyar auta da agogon da ya tsaya. Ba a buƙatar a kawo komai. Amma duk wanda ke da caja mai 19V, mai 3.42A ko fiye, mai siririn baki, da alamar tarawa a tsakiya, ina roƙonsa ya zo da ita kafin ƙarfe huɗu. A buga ƙofa da ƙarfi, ko a turo kawai, ba na sa sakata.

Wanda ba shi da caja ma ya zo, in dai kunnensa na ji. Akwai kujera ɗaya da ba mai zama. In minti shidan suka ƙare ba ta gama ba, za ta kira ƙaramar waya, ina son wani ya zauna kusa da ni ya faɗa mini abin da 'yata take cewa.