Ɗakin Fanka da Ɗakin Tabarma

Jama'a, makon jiya saura ƙiris in rufe gidan renon 'yata da hannuna, ni da na tsallake yunwa da ambaliya da wuƙar likita ba tare da na taɓa zama a aji ba.

'Yar tawa tana riƙe wa matan kasuwa yara su samu su nemi abinci. Sai aka ce ko ta yi rajistar cewa ba riba take nema ba, ko a garƙame mata ƙofa. Masu girma, Allah ya ƙara musu kujeru masu juyawa, suka ce za su turo masu dubawa biyu. Ɗaya ya tabbatar ba ma cin riba, ɗaya ya tabbatar yara suna jin daɗi.

Maƙwabcina tela ya ce, "Dattijo, na farkon in ya ga fanka, riba ce. Na biyun in bai gani ba, zalunci ne. Ya za ku yi?"

Na ce, "Kai dai ji da wandon mutane. Wannan aikin masu kai ne."

Na raba gidan biyu. Fanka, katifu da kayan wasa duk na tura ɗaki ɗaya. Ɗayan na bar masa tsohuwar tabarma da bokiti mai yoyo.

Sai ga su tare a mota ɗaya, wani da tumbi, wani kamar sanda. 'Yata ta ce, "Baba, mu tambaye su waye wane."

Na ce, "Ni zan yi tambaya? Daga tafiya nake gane mutum. Mai tumbin nan ƙanshin kuɗi yake bi."

Na ja shi ɗakin tabarma ina marairaicewa: "Ranka ya daɗe, ko ruwan sha sai mun roƙa." Ita kuma ta kai siririn ɗakin fanka tana nuna masa katifu.

Ashe mai tumbin ne na lafiyar yara! Siririn kuwa har shafa fankar yake yana rubutu.

Da suka fita 'yata ta ɗora hannu a ka. "Baba, ka kashe ni! Gobe in ce wa matan nan me?"

To yau labari ya iso. Rahoton wannan ya ce mu attajirai ne masu fakewa da yara, na wancan ya ce matsiyata ne da ba a ba mu riƙon kaza. Gida ɗaya! An rasa wanda za a ƙaryata, don kowannensu da ubangidansa a sama. Sai aka kafa kwamiti, aka ce kada a taɓa ƙofarmu sai ya gama zama.

Tela ya ce sa'a ce. Na ce dabara ce, ya je ya tambaya.

Ni dai roƙona Allah ya ƙara wa kwamiti lafiya da alawus. Yadda na san zamansu, sai yaran nan sun kawo nasu 'ya'yan reno kafin a ji sakamako.