Kaza Ɗaya, Sansani Tara

Mai Girma Sarkin Ludayi, wanda aka damƙa wa cikin 'ya'yanmu sojoji, ɓarawo ne. Na faɗa, kuma ba ni da takardar digirin da za a ƙwace.

A ƙasarmu kowa ya san in zafi ya kai maƙura kaza ake ci, guda sukutum, a cusa mata shinkafa a dafa ta luguf. To, shekaranjiya aka turo mini hoton ɗana Dok-hwan daga sansaninsu na kan dutse. Ga kwano, ga kaza tana tururi, shi kuwa wuya kamar mariƙin lema. Na nufi shagon maƙwabciyata mai sayar da kimchi, kabejin nan da ake tsumawa da yaji, don in yi mata fariya, tunda ita ma ɗanta soja ne, a can bakin teku.

Ashe ita ma an turo mata hoton nata ɗan da kaza. Ta jera wayata da tata, ta ƙura ido.

"Baban Dok-hwan, tabaran nan naka na ado ne? Kazar ɗanka fiffikenta ɗaya. Ta ɗana ma ɗaya. Ga ƙuna a cinyar hagu."

"Babar Man-sik, wataƙila 'yan uwa ne kajin."

"Ƙunar ma gado ce? Kira yaron, tsoho!"

Na kira. Ashe kaza ɗaya ce tal, da motarta da direbanta. A ajiye ta gaban soja, a ce yi murmushi, a ɗauki hoto, a ɗauke ta a wuce. Sansani tara ta zaga. Dok-hwan ya ce romo ya taɓa masa yatsa ya lashe, aka sa shi tsallen kwaɗo. Abincinsu na ranar ruwan kabeji ne.

Iyaye muka yi gayya muka je ofishin Sarkin Ludayi. Mai Girma ya fito yana sakace.

"Soja mai ƙoshi barci yake yi," in ji shi. "Shaƙar ƙamshi ma horo ne."

Sannu da hikima, ranka ya daɗe! In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Ni ma na yi soja, na kwana cikin ƙanƙara da safa jiƙaƙƙiya ban yi ƙorafi ba, amma a zamaninmu kaza in ta shiga bariki ba ta fita. Yunwar bakin daga jarumta ce. Yunwar da mai tumbi ya shirya daga ofis kuwa sata ce, ko an sa mata kaki.

Babar Man-sik ba ta yi musu ba. Hotuna tara ta tattaro daga hannun iyaye, ta liƙa a ƙofar da manyan Mai Girma ke shiga.

Jiya aka cire masa anini biyu, aka tura shi ɗakin girkin sansanin dutse. Zai fere dankali wata shida.