Kura Ta Zo Karɓar Jakarta

A wani daji da komai nasa kan ruɓe ya koma ƙasa, Kura ta buɗe masana'anta. Gishiri take ƙullawa a 'yan jakunkuna na wani danƙo mai sheƙi, a saya, a lashe, a yar. Gara ta gwada haƙoranta a kansu, ta haƙura. Damina ta zo ta wuce suna nan garau, sun toshe mashaya, sun lulluɓe ciyawa.

Barewa dai ba ruwanta, sai ranar da ɗanta tilo ya haɗiye guda wajen kiwo. Cikinsa ya kumbura tim, numfashi sama-sama. Tsoro ya hana ta ko da kurɓar ruwa. Ta tasa shi gaba yana tangaɗi, har gaban majalisa.

"Ranku ya daɗe," in ji ta, "ba mu muka ƙera abin nan ba. Mai shi ta kwashi riba, ta bar mana shara. A sa ta kwashe kayanta tun 'ya'yanmu ba su ƙare ba."

Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya lashi gishirin da Kura ta aiko na gaisuwa, ya watsar da jakunkunan a bayan kuka. Sannan Giwa, shugabar majalisa, ta bayyana doka: "Daga yau, duk inda jaka take, wanda ya yi ta shi zai je ya ɗauko abarsa."

Aka ɗau shewa. Barewa kuwa ba ta taya su ba, don ta ga Kura na murmushi.

"Madalla da wannan adalci," in ji Kura. "Ni mai bin doka ce. Na cikin ciyawa suna da yawa, sai a hankali. Amma wadda aka ɗauko aka kawo har gabanku, ai kunya ba za ta bar ni in ƙyale ta ba." Ta zuba wa cikin ɗan barewa ido.

"Ranki ya daɗe, ba haka nake nufi ba!" Barewa ta yi wa Giwa kururuwa, ta sha gaban ɗanta. Ta san ko taku uku ba zai iya gudu ba.

Giwa ta yi gyaran murya, ta ce doka ba ta ce ban da ciki ba, kuma zama ya tashi.

Har yau ana yabon Kura da kwashe kayanta a kan lokaci. An ce ma yanzu har bayan jakar take shafa wa gishiri.