Kular Wainar Malam Sule

Ko da zan manta ranar da na sauka a ƙasar nan, ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar da na shiga ofishin rajistar kwaleji rungume da kular waina, ina taku ɗaiɗai kamar ni na gina wurin.

Shekara tara na yi ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan New York, kuma kullum bas ɗin da nake hawa daga unguwarmu ta Jamaica sai ya bi ta gaban wata kwalejin gwamnati, irin ta shekara biyun nan. Da gangan nake zama gefen taga. Da mun iso wurin sai in bar gangar jikina a kan kujera in shige ciki. Ga ni cikin shuɗin kayan nas, abin sauraren ƙirji rataye a wuya, ina ratsa barandar asibiti takalmina ba ya ko ƙara, likita yana tsayar da ni yana neman shawarata. Wata rana har Umma nake ɗaukowa daga Kano in zaunar da ita a layin gaba ranar yaye ɗalibai, da farin mayafinta, tana share hawaye. Sai direba ya taka birki in dawo hayyacina, in tuna akwai tsohuwar da ke jira in yi mata wanka.

Ban taɓa sauka a wurin ba. A gida sau uku na nemi makarantar koyon aikin jinya, sau uku ina bin sunayen da aka manna a bango da yatsa har ƙasa, babu nawa. Ƙawayena da suka samu, kowacce tana da kawu ko wani Alhaji da ya yi mata magana. Da wannan na taso: makaranta ba ta shiguwa sai da hanya. Ta garinmu ma ta ƙi ni, ina ga ta Amurka mai ƙofar gilashi?

Wata Asabar a wajen suna, maƙwabciyarmu Hajiya Rabi, 'yar Kumasi, ta ambata a cikin hira cewa maigidanta Malam Sule a kwalejin nan yake aiki. Ban tambayi wane aiki ba (babban mutum ba a tambayarsa muƙaminsa, a jikinsa ake gani, kuma Malam Sule yana da tumbi da farin gilashi). Washegari na je gaishe shi, na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye har na iso inda za ni.

Ya ce, "Hajiya, ka cika form online kawai. In sha Allah za su ɗauke ka." (Hausar Zangon Kumasi ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne.)

Ni kuwa na san yaren manya. Ba sa cewa "zan yi". In sha Allah suke cewa su kau da kai, sai dai ka ga aiki.

Na cika fom, na zaro sakamakon sakandarena daga ledar da ya shekara ashirin a ciki, na tura. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayata: an ɗauke ni. Na karanta shi ya fi sau goma a cikin bas har na wuce tashata. Da na cika takardun neman tallafi aka kuma ce gwamnati za ta ɗauke mini mafi yawan kuɗin makaranta, sai na riƙe baki na ce lallai hannun bawan Allahn nan har cikin gwamnati ya kai.

Maigidana, wanda ke lodin kaya a filin jirgi, ya ce, "Maman Hanifa, kin tabbata shi ya yi?"

Na ce, "Abban Hanifa, rashin godiya ba kyau."

Daga nan kaina ya fara girma. Na aika wa Umma saƙon murya na minti bakwai. A wurin adashinmu na bari zancen ya suɓuce mini, wai ina da mutum a ciki. Kafin a tashi mata uku sun ja ni gefe, har da Balaraba 'yar Damagaram mai kitso a unguwar Harlem, wadda ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, don Allah ki sanya ni, ko lissafin boutique in koya." Na rubuta sunayensu a takarda, na ninke, na ce, "Bari in ga abin da zan iya yi." Ni ce nan, wadda ko harabar wurin ba ta taɓa takawa ba.

Ranar rajistar darussa na soya waina, na yi miyar taushe, na ɗaure kular da ɗankwali don kada ta zube, na sa leshina na fita biki. Ta ƙofar gefe na shiga. Layi ya miƙe har bakin matakala, matasa da jakunkunan goyo, da iyaye mata irina. Na dube su da tausayi na wuce su duka, domin mai hanya ba ya bin layi. Na sunkuya wajen matar da ke bayan tebur, na rage murya na ce mata da Turanci Mista Sule ne ya turo ni.

Ta ce wane Sule, a wane sashe?

Na kashe mata ido ɗaya.

Ta juya ta tambayi na kusa da ita da ƙarfi, shi ma ya tambayi na gaba, sunan ya bi tebura har ƙarshen ofis. Can wani ya ce Sule ɗaya ya sani, na wajen masu tsaro. Matar ta dubi ƙatuwar kular da ke ɗaure da ƙyalle, ta dube ni da idona da ke ta kashewa, ta ɗauki waya a hankali.

Sai ga Malam Sule da sauri cikin kakin masu gadi, makullai na kaɗawa a ƙugu. Kun zata na gane? Cewa na yi a raina ai dama masu tsaro su ne da sirrin kowane wuri. Na zube ƙasa cikin leshina a gaban layin nan kaf, na yi godiya, na yi addu'a har ga iyayensa, na tura masa kula, sannan na miƙa takardar sunaye da hannu biyu.

Ya karanta, ya cire gilashinsa. "Hajiya, tashi please, mutane suna kallo. Ni gate nake tsaro. Ban yi magana da kowa ba. Nan wurin in kana da certificate na secondary, ka cika form, finish. Kowa suna ɗauka."

"Kowa?"

"Kowa."

"To kuɗin da aka yafe mini fa?"

"Wannan ƙarancin income ɗinka ne ya yi magana, ba ni ba."

Na ce, "Tun yaushe ake haka?"

Ya ce, "Tun kafin ni na zo ƙasar nan."

Na ji kunya, ba kaɗan ba, musamman da na ji wata budurwa a layi tana fassara wa na bayanta. Amma ba kunyar ce ta hana ni miƙewa da wuri ba. Shekara taran nan ce ta danne ni. Kullum ina wucewa ina leƙen wurin ta taga ina mafarki, ashe ba wanda ya hana ni shiga. Abin ya yi mini ciwo har na ji hawaye.

Matar teburin ta ce, cikin ladabi, aikin nas ɗin kansa sai na ci wasu darussa da maki mai kyau kafin a duba ni, kuma wannan ba wanda zai iya yi wa wani magana. Sannan ta nuna mini ƙarshen layi. Na bi shi da leshina, awa ɗaya da rabi, ƙamshin miyar taushe yana tasowa daga ɗakin masu gadi.

Yanzu ina zango na uku, ina kokawa da darasin sassan jikin ɗan Adam. Balaraba ta cika nata fom ɗin da kanta, kuma duk inda ta hango ni a baranda sai ta ɗaga murya ta ce, "Yaya mai hanya, a sanya mu." Malam Sule kuwa, duk da wainata da ya ci, bai taɓa barina na wuce ba sai na nuna katin shaida.

Abin da na koya ke nan: kafin in sake soya wa mai gadi waina, sai na fara tura ƙofar in ga ko dama a buɗe take.