Rasuwar Ɗan Ido, Wanda Tsafta Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban ga dalilin ɓoyewa ba, ni Barent Hoogland, tsohon mai sayar da yadi a Haarlem, nake sanar da rasuwar madubina mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma, wanda nake kira Ɗan Ido. Ya cika ranar Asabar da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin ɗan asali ne. Kakansa shi ne gilashin da muke ƙirga zaren yadi da shi, ubansa kuma ya yi yawon kasuwanni yana nuna wa 'yan kallo ƙafar ƙuma. Shi kuwa gilashinsa bai fi ƙwayar gero ba. Wata huɗu na yi ina goga shi kafin in dasa shi tsakanin fallen tagulla biyu. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai dai "ƙii, ƙii" idan ana murɗa ƙusarsa.

Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Shi ya nuna mini halittu suna iyo a cikin ɗigon ruwan gangar da muke tara ruwa a ciki, wasu har da wutsiya. Na faɗa, garin nan ya sa mini suna mahaukaci. Likita Verbeek, wanda ganinsa bai taɓa wuce ƙarshen hancinsa ba, ya tare ni a bakin coci ya ce, "Dattijo, ƙwarin nan a ruwa suke, ko a giyar da ka sha?" Shekara shida ina lallashi kafin shi da fasto da akawun kotu su yarda su zo ranar Litinin mai zuwa, su leƙa, su sa hannu cewa da hankalina.

Marigayin bai yi jinya ba. Asabar ce ranar da matan garin nan ke dirje komai da yashi, har duwatsun titi, don kada maƙwabciya ta fi su ƙyalli. Surukata Neeltje, matar ɗana, ta gan shi a kan taga, ta dirje shi shi ma.

"Baba, ga ɗan ƙarfenka nan," ta ce, tana jiran yabo. "Dubi yadda ya fito! Har ɗan ɗigon nan na tsakiya sai da na ci ƙaniyarsa."

Na kai shi ido, sai fari fat kamar madara. Na yi kuka, ban kuwa ji kunya ba. Hannuna yanzu rawa yake, ko cokali da ƙyar nake riƙewa, balle in goga wani.

Ya rasu ya bar ni, da zanen halittun nan guda ɗari biyu da babu mai gaskata su, da wasu madubai danginsa a Landan, dogaye masu rigar fata da adon zinariya, ga jiki babu ido. Ya kuma bar Neeltje, wadda har yanzu take tambayar laifin da ta yi.

Za a yi jana'iza ranar Litinin a bayan gidana, daidai lokacin da aka sa don shaidar. An tanadar wa Likita Verbeek da abokan dariyarsa kujerun gaba. Ba za a raba giya ba. Kowa zai samu kofi guda na ruwa daga gangar nan tamu, ni kuma zan tsaya in ga an shanye. Ai kun ce babu komai a ciki.